Vicksburg: Ƙaramin Garin Da Ya Toshe Kogin Misisipi, Da Yadda Aka Ci Shi Ta Baya

A shekarar 1860 mutanen garin Vicksburg na jihar Misisipi ba su kai 5,000 ba. Bayan shekara uku, gwamnatin Amurka ta jibge sojoji sama da 70,000 a kewayensa, bayan ta kwashe fiye da shekara guda tana laluben ƙofar da za ta shige shi. Garin ba shi da zinariya, ba shi da wata masana'antar makamai ta a zo a gani, ba kuma babban birnin jiha ba ne. Abin da yake da shi tudu ne a bakin ruwa. Wanda ya gane darajar wannan tudu ya gane yadda aka yi yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 a yammacin ƙasar.

Jihohi goma sha ɗaya na kudu, waɗanda arzikinsu ya ginu a kan auduga da gumin bayi, suka ɓalle suka kafa tasu gwamnati ƙarƙashin Jefferson Davis. Gwamnatin tarayya ta Abraham Lincoln ta ce ba inda za su. Kogin Misisipi, mai tsawon kilomita sama da 3,700, ya ratsa ƙasar 'yan awaren daga sama har ƙasa, ya bar Texas da Arkansas da mafi yawan Louisiana a gaɓar yamma, sauran jihohin a gabas.

A wancan zamani kogi shi ne babban titi. Hanyoyin ƙasa da ruwan sama ya sauka sai su zama taɓo, amalanken dawaki su kafe har gatari. Layin dogo akwai shi, amma mahaya hamsin da dare ɗaya sun isa su tumɓuke shi su ƙone gada. Kogi kuwa ba a ƙone shi, ba a tumɓuke shi. Jirgin tururi guda yana ɗaukar abin da sai ɗaruruwan amalanke za su ja, kuma ba ya cin harawa. Shi ya sa tun farkon yaƙin babban hafsan sojan tarayya na lokacin, tsoho Janar Winfield Scott, ya ba da shawarar a rufe tashoshin tekun kudu, a kuma ƙwace Misisipi, a matse 'yan aware sannu a hankali. Jaridu suka yi wa shirin ba'a, suka laƙaba masa sunan anakonda, wata irin mesa da ke naɗe abin farautarta har ya daina numfashi. Mutane na son a gama yaƙi cikin wata uku. Daga ƙarshe dai abin da tsohon ya faɗa shi aka yi.

'Yan aware ba su da jiragen yaƙi na kirki, don haka amsarsu ita ce ganuwa. Duk inda gaɓa ta yi tsayi ko kogi ya yi gwiwa, sai su tara ƙasa su girke igwogi. A Columbus ta jihar Kentucky, Janar Leonidas Polk, wanda kafin yaƙi bishop ne na coci, ya girke igwogi fiye da ɗari, ya kuma ja ƙatuwar sarƙa ta tsallaka kogin. Ita kuwa tarayya sai ta ba wani injiniya mai suna James Eads kwangilar ƙera jirage bakwai masu sulken ƙarfe, kowane da igwa goma sha uku, masu faɗin ciki ta yadda ruwan da bai kai mita biyu ba ma ya ishe su. Saboda siffarsu ma'aikata suka riƙa kiransu kunkuru.

Karon farko tsakanin kunkuru da ganuwa ya zo a Fabrairun 1862, kuma cikin kwana goma aka koyi darasi biyu masu karo da juna. Kogunan Tennessee da Cumberland suna fitowa daga cikin ƙasar kudu ne su gangara arewa su faɗa kogin Ohio, wato ƙofofi biyu ne a buɗe ga duk mai jirgi. 'Yan aware suka gina sansanin Fort Henry a kan na farko, Fort Donelson a kan na biyu, tazararsu bai wuce kilomita 19 ba. Fort Henry a kwari aka gina shi, kuma lokacin ruwa ya yi ambaliya har ya cinye wasu igwoginsa. Ranar 6 ga wata jiragen tarayya ƙarƙashin Andrew Foote suka yi masa luguden wuta, kafin sojan ƙasa na Ulysses Grant su fito daga cikin laka sansanin ya riga ya miƙa wuya. Hafsoshin da suka je karɓarsa a kwalekwale suka shiga ta ƙofar ganuwa. Foote ya ɗauka haka za a yi a Donelson. Amma igwogin Donelson a kan tudu suke, harsashinsu daga sama yake saukowa, yana faɗawa kan rufin jirgi inda sulke ba shi da kauri. Ranar 14 ga wata aka lalata masa jiragen, biyu suka rasa matuƙi ruwa ya tafi da su, shi kansa ya ji rauni a ƙafa. Sai da sojan ƙasa suka zagaye sansanin ta baya sannan ya faɗi ranar 16 ga wata, da fursunoni sama da 12,000. Nan Grant ya yi suna, don da aka tambaye shi sharuɗɗa cewa ya yi babu wani sharaɗi sai miƙa wuya nan take. Kafin ƙarshen watan birnin Nashville ya faɗi, Columbus kuma, da sarƙarta da igwoginta, ba a jima ba aka watse aka bar ta ba tare da an gwabza ba, saboda an riga an wuce ta ta gefe.

Daga bakin teku kuma David Farragut, wani kwamandan jiragen yaƙin tarayya, ya ƙara darasi na uku. Kafin asubahin 24 ga Afrilu ya bi da jiragensa na katako tsakanin Fort Jackson da Fort St. Philip yana shan wuta, ya wuce, ya je ya tsaya a gaban New Orleans, birni mafi girma a kudu. Ashe ganuwa ba ta iya hana jirgin da ya yi niyyar wucewa da gudu cikin duhu. Abin da take hanawa shi ne zirga-zirgar yau da gobe, ta jiragen kaya marasa sulke. Memphis ta faɗi ranar 6 ga Yuni. Abin da ya rage wa 'yan aware a kogin shi ne tsakanin Vicksburg da Port Hudson da ke kudu da ita.

Wannan ragowar kuwa ba ƙarama ba ce. A tsakanin garuruwan biyu ne kogin Red yake shigowa daga yamma, ta nan shanun Texas da gishiri da sukarin Louisiana suke bi, har da kayan da ake shigowa da su ta Matamoros a ƙasar Meziko. Daga Vicksburg layin dogo yake kwasa zuwa Jackson, babban birnin jihar, da sauran gabas. Shi kansa Davis gonarsa tana can kudu da garin kaɗan. An ruwaito Lincoln yana cewa Vicksburg ita ce mabuɗi, kuma yaƙin ba zai ƙare ba sai mabuɗin ya shiga aljihunsu.

Sai a dubi yadda Allah ya tsara wurin. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 60 a gaɓar gabas. Daidai gabansa kogin ya yi wata gwiwa kamar an lanƙwasa ƙarfe, ya nufi arewa maso gabas sannan ya juyo kudu, ya bar siririn harshen ƙasa a tsakiya. Duk jirgin da zai wuce dole ya rage gudu ya sha kwana a ƙarƙashin bakin igwa. Arewa da garin fadamar kogin Yazoo ce, daji da ruwa da sauro na tafiyar kwanaki. Yamma, a gefen Louisiana, ƙasar ta fi ruwan kogi ƙasa in ya cika, jinga ce kawai ke tare shi. Busasshiyar ƙasar da runduna za ta taka ta tunkari garin tana gabas da kudu ne, wato a bayansa, cikin ƙasar abokan gaba. Duk wahalar shekara guda a kan tambaya ɗaya take: ta yaya za a kai sojoji can?

Farragut ne ya fara gwadawa a tsakiyar 1862. Ya aika a miƙa wuya, aka ba shi amsa cewa mutanen Misisipi ba su san yadda ake miƙa wuya ba, ba kuma sa son koyo. Igwoginsa ba sa iya ɗaga baki su kai kan tudu yadda ya kamata, sojan ƙasan da ke tare da shi ba su wuce dubu uku da 'yan kai ba. Sai aka kawo dabarar haƙa magudana ta yanke harshen ƙasar nan, kogi ya sauya hanya ya bar garin a tsandauri. Aka tattaro bayi sama da dubu daga gonakin kusa aka sa su haƙa. Ruwa ya ja baya, zazzaɓi da atini suka kwantar da mutane, aka tattara aka tafi.

A Disamba Grant ya zo da nasa shirin: shi ya biyo layin dogo daga arewa ya ja hankalin Janar John Pemberton, kwamandan 'yan aware mai tsaron Vicksburg, William Sherman kuma ya sauko ta kogi ya afka wa garin. Mahayan 'yan aware ƙarƙashin Earl Van Dorn suka zagaya suka ƙone rumbun guzurin Grant a Holly Springs ranar 20 ga wata, dole ya juya. Sherman bai sami labari ba, ya tura mutanensa ta cikin fadamar Chickasaw Bayou su hau tudu, ya yi asarar sama da 1,700, abokan gaba kuwa 'yan sama da 200. A watan ne kuma nakiyar ruwa ta nutsar da ɗaya daga cikin kunkurun Eads, mai suna Cairo, a kogin Yazoo. Sai a 1964 aka ciro shi, yana nan ajiye a Vicksburg har yau. Amma a komawar da Grant ya yi baya ya lura da wani abu. Da guzuri ya yanke, sojojinsa sun ci daga gonakin mutane, kuma sun ƙoshi. Ya riƙe wannan a ransa.

Watannin farko na 1863 na haƙa ne da shan kunya. Aka koma kan magudanar nan, ruwa ya fasa ya cika sansani. Aka gwada ɓullowa ta tafkin Providence. Aka fasa jinga a Yazoo Pass aka tura jirage ta ƙananan rafuka, wata 'yar ganuwa ta ƙasa da dilolin auduga kusa da Greenwood ta tsayar da su, don rafin bai da faɗin da jirage za su jeru su yi harbi tare. David Porter, wanda ya gaji jagorancin jiragen, ya kutsa ta Steele's Bayou inda rassan itatuwa ke karya bututun hayaƙi, 'yan aware suka riƙa sare itatuwa gabansa da bayansa, da ƙyar Sherman ya cece shi. Jaridu suka ce Grant mashayi ne, a cire shi. Shi daga baya ya ce bai taɓa sa rai sosai ga waɗannan gwaje-gwaje ba, yana dai hana sojoji zaman banza ne kafin ruwa ya janye. Ni dai ina ɗaukar wannan magana da taka-tsantsan, domin mutum in ya ci nasara yakan gyara labarin faɗuwarsa ta baya. Da ɗaya daga cikinsu ta yi aiki, da ba zai kira ta wasa ba.

Abin da ya yi a Afrilu shi ne ainihin labarin. Ya yanke shawarar sojoji su taka da ƙafa ta gefen Louisiana, su wuce garin ta tsallaken ruwa, su sauka can kudu. Jirage kuma su ratsa ta gaban igwogi su same su, su yi musu fito zuwa gabas. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara. Sai dai wannan hanya ba lafiya a cikinta. Porter ya gaya masa gaskiya: jiragen in suna bin ruwa za su iya wucewa, amma in sun gangara ba dawowa, don a kan hawa tafiyarsu ta yi nawar da za a ragargaza su. Sherman, babban amininsa, ya rubuta masa cewa bai yarda da shirin ba, a koma Memphis a sake lale. Grant ya san komawa baya a idon jama'ar arewa faɗuwa ce, ya ƙi.

Sojoji suka yi ta shimfiɗa gungume a kan taɓo suna kafa gadoji a kan rafuka. Daren 16 ga Afrilu Porter ya kashe fitilu, aka jera dilolin auduga da na ciyawa a kewayen tukwanen tururi, aka ɗaura kwale-kwalen kwal a gefen jirage, aka saki jiki da ruwa. A daren ana wani bikin rawa a cikin gari. Masu gadi suka hango su, suka banka wa gidajen tsallake wuta don kogin ya haskaka, igwogi suka buɗe. Grant yana kallo daga wani jirgi tare da matarsa da 'ya'yansa. Jirgin kaya ɗaya ne kawai ya ƙone, sauran suka wuce. Bayan kwana shida aka sake tura shida maƙare da abinci, mafi yawan matuƙansu sojoji ne 'yan sa-kai don ma'aikatan farar hula sun noƙe, biyar suka isa.

Pemberton yana ganin duk wannan, me ya hana shi tare mashigi? Hankalinsa aka raba. Benjamin Grierson, malamin kiɗa kafin yaƙi, ya ɗebi mahaya 1,700 daga Tennessee ya ratsa jihar Misisipi daga sama har Baton Rouge cikin kwana goma sha shida, yana yanke waya yana tumɓuke dogo. Sherman kuma ya yi ta kai-komo da jirage a arewacin garin kamar zai kawo hari. Ranar 29 ga Afrilu Porter ya yi awa biyar yana dukan igwogin Grand Gulf da ke kudu da Vicksburg, inda aka so sauka, bai iya rufe musu baki ba. Labarin tudu dai ya sake maimaita kansa. A nan ne wani bawa ɗan yankin ya shaida wa Grant cewa in aka ƙara gangarawa zuwa Bruinsburg akwai busasshiyar hanya da ke hawa tudu. Littattafan tarihi cike suke da sunayen janar-janar, shi kuwa mutumin da ya nuna mashigin ba a cika jin ko sunansa ba. Ranar 30 ga Afrilu da washegari sojoji sama da 22,000 suka tsallaka, ba wanda ya harba musu ko harsashi ɗaya a bakin ruwa.

Daga nan abin ya zama gudu. Maimakon ya miƙe arewa zuwa garin, Grant ya nufi arewa maso gabas don ya yanke layin dogon da ke ciyar da shi. An cika cewa ya yanke hulɗa da guzurinsa gaba ɗaya, amma akwai ƙari a maganar: ayarin amalanke na biye da shi da albarushi da busasshen burodi da gishiri da kofi, nama da masara ne ake ƙwacewa a gonaki. Cikin kwana goma sha bakwai ya ci yaƙi biyar: Port Gibson ranar 1 ga Mayu, Raymond 12, Jackson 14, Champion Hill 16, gadar kogin Big Black 17.

Pemberton kuwa gaba kura baya sayaki. Davis ya ce masa ya riƙe Vicksburg ko ta halin ƙaƙa. Janar Joseph Johnston, wanda ke sama da shi, ya ce ya bar garin ya tsira da rundunar su haɗu. Ga shi kuma haifaffen Pennsylvania ne, ɗan arewa da ya bi ɓangaren matarsa 'yar Virginia, kullum ana masa kallon zargi, in ya bar garin za a ce dama. Ya yi ƙoƙarin bin umarnin biyu lokaci guda, aka same shi a tsakiya a Champion Hill. A ganina Johnston ne ke da gaskiya. Darajar Vicksburg ita ce hana tarayya amfani da kogi da kuma haɗa gabas da yamma. Ranar da Grant ya hau tudu ya yanke dogo, rabin wannan daraja ta tafi, garin ya koma tarko.

Grant ma ya yi nasa kuskuren. Ganin abokan gaba sun shigo gari a wargaje, ya ɗauka da turawa ɗaya za su zube. Ya kai hari ranar 19 ga Mayu, ya sake ranar 22, a na biyun kaɗai ya yi asarar sama da 3,000 a gaban ramuka da ganuwar da ta kewaye garin kusan kilomita 13. Daga nan ya haƙura ya yi ƙawanya. Sojojinsa suka riƙa haƙa ramuka suna matsowa, ranar 25 ga Yuni suka tayar da kusan tan guda na albarushi a ƙarƙashin wata ganuwa, suka shiga ramin suka kasa wucewa. Ta ruwa jiragen Porter na jefa bama-bamai dare da rana. Mutanen gari suka haƙa kogo sama da 500 a jikin tudu suka koma ciki da gadajensu. Nama ya ƙare aka koma kan alfadarai. Jaridar garin da takarda ta yanke mata sai ta riƙa bugawa a bayan takardar ado ta bango.

Yunƙurin agaji daga yamma ya zo ranar 7 ga Yuni, lokacin da sojojin Texas suka afka wa Milliken's Bend, sansanin tarayya a gaɓar Louisiana. Mafi yawan masu tsaron wurin baƙaƙen fata ne da makonni kaɗan da suka wuce bayi ne, wasu ko riƙon bindiga ba su gama koya ba. Aka yi ta gaba da gaba a kan jinga da bakin banati, suka yi asara mai yawa, amma suka riƙe bakin ruwa har jiragen yaƙi suka kori maharan. Wannan rana, tare da harin da baƙaƙen sojojin Louisiana suka kai Port Hudson ranar 27 ga Mayu, ta rage bakin masu cewa baƙar fata ba zai tsaya a fagen fama ba.

Ranar 4 ga Yuli, bayan kwana 47, Pemberton ya miƙa garin da sojoji kusan 29,500 da igwa 172. Ya zaɓi ranar bikin 'yancin Amurka da tunanin zai fi samun sassauci. Grant, mai sunan ba sharaɗi, wannan karon ya sallame su bisa alkawarin ba za su sake ɗaukar makami ba sai an yi musayar fursunoni, don kwashe wannan taro zuwa arewa zai cinye masa jirage. Kwana ɗaya kafin nan Robert Lee, babban janar ɗin 'yan aware a gabas, ya sha kashi a Gettysburg. Port Hudson ta bi sahu ranar 9 ga wata, ranar 16 kuma jirgin kasuwa mai suna Imperial ya iso New Orleans daga St. Louis ba wanda ya tare shi. Lincoln ya rubuta wa Grant wasiƙa yana cewa lokacin da ya ga ya nufi arewa maso gabas ya ɗauka kuskure ne, yanzu yana so ya amsa cewa Grant ne ya yi daidai, shi ne ya yi kuskure.

Shin an raba ƙasar 'yan aware biyu kamar yadda ake faɗa? An raba, amma masana na jayayya kan nauyin abin. Wasu na ganin kayan da ke tsallakowa daga yamma sun riga sun ragu kafin 1863, kuma manoman arewa sun fara sabawa da aika hatsinsu gabas ta jirgin ƙasa. Ana ci gaba da satar fito da dare a ƙananan kwale-kwale, yaƙin ma ya ƙara kusan shekara biyu. Abin da ba jayayya a kai shi ne runduna guda cur ta fita daga fage, yankin yamma ya koma cin gashin kansa ƙarƙashin Janar Kirby Smith, Lincoln kuma ya sami janar ɗin da ya daɗe yana nema. A Maris 1864 ya ɗora Grant a kan dukkan sojojin tarayya.

Magudanar nan da aka haƙa sau biyu aka kasa, kogin bai taɓa bin ta ba. Amma ranar 26 ga Afrilu 1876 Misisipi ya yanke harshen ƙasar da kansa, ba nisa da inda aka yi haƙan, ya bar tashar jiragen Vicksburg babu ruwan kirki. Sai a 1903 injiniyoyin soja suka karkato da kogin Yazoo ya bi tsohon kwarin. Ruwan da ke wucewa yau a gindin tudun da igwogin suka zauna, na Yazoo ne.